Na Je Yanbu Sayen Jirgi, Na Ɓuge da Ɗinki

Tashi daga Waziriyya

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin Laraba, tun ladan bai yi kiran farko ba, muka sauko da Inna daga gidanmu na unguwar Waziriyya a Jidda. Na ce muka sauko da ita, domin a hawa na biyu muke, gwiwoyinta kuwa sun daɗe da ɓatawa da matakala. Ni ta dama, maƙwabcina Isuhu ta hagu, ita a tsakiya tana yi mana faɗan mun riƙe ta kamar buhun shinkafa. Matata Rabi ta biyo mu da filas ɗin shayi da ledar dabino, ta leƙo ta tagar mota ta ce mini, "Abu Maryam, don Allah ka dawo da Inna lafiya. Jirgin kuma ko ka dawo da shi ko kada ka dawo da shi, duk ɗaya."

Da wannan addu'a muka kama hanyar Yanbu. Ina rubuta labarin ne saboda duk wanda ya gamu da ni a ƙofar masallaci sai ya ce, "Nakhuda, ina jirgi?" Nakhuda shi ne shugaban jirgin ruwa, sarautar da 'yan unguwa suka naɗa mini don tsiya. Gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, in huta.

Sunana Ilyasu, tela ne ni a unguwar Sharafiyya, labule nake ɗinkawa da matasan jingina na majalisa, wato falon baƙi. A Jidda aka haife ni, na haura hamsin, amma ban taɓa shiga teku ya wuce idon sawuna ba. Inna kuwa har gobe Auta take ce mini, da furfurata da komai.

Asalin maganar, shekara biyu da suka wuce na kai ta bakin teku shan iska. Can nesa wani jirgi ya gifta, irin wanda ba inji ke tura shi ba, sai ƙaton farin yadi da ake ɗagawa a dogon sanda iska ta cika shi. Shira'i ake ce wa yadin. Inna ta bi shi da ido har ya ɓace, sannan ta ce, "Auta, kafin in mutu ina so in sake hawa irin wancan." Na san tana 'yar shekara bakwai suka ƙetaro daga Sawakin, can ɗaya gaɓar tekun, a irinsa, kan hanyarsu ta aikin hajji, abin da na sani ke nan. Na nemo mata na haya a Abhur, bakin tekun Jidda, duk masu inji ne, ta ce ita ba babur ta ce a ɗora ta ba. Wani ɗan da ya san ciwon kansa da sai ya ci gaba da cigiya har ya dace. Ni sai na ce kayan aro ba ya rufe katara, saye zan yi.

Tun daga nan teburin yankana ya koma allo. Da allin tela nake lissafi a kai, in goge, in sake. Hujjata mai ƙarfi ita ce, mota tana shan mai, jaki yana cin dusa, shi kuwa wannan iska yake ci, iska kuma kyauta ce daga Allah. Shira'i in ya tsufa ni zan ɗinka sabo. Ina cikin haka shekara biyu suka shige. Inna ta koma salla a zaune, ta koma sanda, sandan ma ya fara gazawa. Wata rana Rabi ta tsaya a kaina ta ce, "Kai kana lissafinka, ƙafafun Inna su ma suna nasu." Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. A satin na ga tallar wani jirgi a Yanbu, mita takwas, riyal dubu talatin da takwas, ni kuwa ina da dubu talatin da na kwasa a adashi. Na ce to, saura ciniki.

Zahban zuwa Rabig

Isuhu mutumin Damagaram ne, direban wani gida ne a Abhur, ya roƙi hutun kwana biyu don ya ja mu. Motar tawa ce, amma na ba shi tuƙi don in sami sararin lissafi. Muka wuce filin jirgin sama garin bai waye ba, muka tsaya wani gidan mai a Zahban muka yi asuba. Na cika tanki, na ce wa Isuhu, "Ka ga wannan kuɗin? Mai jirgin shira'i bai san shi ba."

Ya ce, "Patron," wato maigida a Faransancinsu, "to ranar da iska ta ƙi zuwa aiki fa?"

Na ce sai a jira ta. Ya ce shi dai a garinsu wanda ya jira iska shiƙa yake yi, ba tafiya ba.

Gaba kaɗan akwai shingen duba takardu. Jami'in ya karɓi iƙamominmu, wato katunan izinin zama, ya leƙa baya ya ga Inna, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi inda muka nufa. Kafin in buɗe baki ta ce masa da Larabci, "Ɗana ne zai sayi jirgin ruwa. Bai iya iyo ba." Ya dube ni, ya danne dariya, ya miƙo takardun ya ce Allah ya tsare. Isuhu bai daina ƙyaƙyatawa ba har garin Suwal.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi muka shiga Rabig, kilomita ɗari da hamsin ke nan daga gida. Muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis, riyal ashirin mu uku. A nan na bayyana musu tsarin ajiya. Na riga na bincika kuɗin ɗaure jirgi a marsa, wato matsayar jirage, na ga a Jidda abin ba na talaka ba ne, saboda haka na yanke shawarar in riƙa ajiye shi a ƙofar gida a kan tirela. Isuhu ya tuna mini cewa layinmu ko motar shara da baya take fita. Na ce ai na auna layin, ya fi faɗin jirgin da taƙi biyu. Inna ta ce, "Masu wucewa kuma sai su bi ta sama."

Mastura

Duk wanda ya bi hanyar nan bai tsaya Mastura ya ci kifi ba ya yi asarar tafiya. Mun isa da wuri, goma ba ta yi ba, don haka muka shimfiɗa wa Inna darduma a rumfar mai kifin ta miƙe ƙafa har aka hura wuta. Na zaɓi kifin najil guda mai nauyin kilo da rabi, aka soya shi ya yi ƙus-ƙus, aka kawo da jar shinkafa da yaji da lemun tsami. Riyal ɗari da talatin, kuma bai yi tsada ba.

Inna farar shinkafa ta sa aka kawo mata a kwano daban, da shayi. Shekararta saba'in da wani abu a Jidda, garin kifi, ba ta taɓa sa kifin teku a baki ba. Busasshen kifin rafi da ake kawowa daga gida tana ci, na teku ne ba ta taɓawa. Tun muna yara muke tsokanar ta, mu ce ƙauyanci ne. Ranar ma sai da na ɗaga tsoka na ce, "Inna, mai jirgi guda a gidanki, ki ƙi kifi?" Ta ce, "Ci abinka, Auta." Na kuwa ci, har kan na tsotse.

Yanbu, bakin marsa

Bayan azahar muka shiga Yanbu, kilomita ɗari uku da ɗan wani abu a agogon mota. Muka kama ɗaki biyu da falo a wani gidan saukar baƙi a ƙasa, saboda matakala, riyal ɗari da tamanin kwana ɗaya. Inna ta ɗan runtsa. Da la'asar muka nufi marsa.

Mai jirgin, Abu Nayif, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, siriri, rana ta gasa shi. Bayansa ne ya fara ciwo, shi ya sa zai sayar. Ya ga Inna ya sumbaci kanta, ya ce, "Marhaba ya khala," wato maraba da goggo, ya jawo mata kujerar roba ya ajiye a inuwa kusa da jirgin. Ni kuwa na ciro tef ɗin awo daga wuya na hau aiki kamar an ba ni kwangilar labule. Na auna tsawo, na auna faɗi, na ƙwanƙwasa jikin jirgin na kasa kunne, ko da yake ban san irin ƙarar da nake nema ba.

Da na gama ya zuba mana gahawa, ya ce, "Ya Ilyas, kai ɗan'uwa ne, ba zan rufe ka ba. Kuɗin saye shi ne mai sauƙin." Ya shiga jero mini. Kuɗin marsa duk wata, ko ka fita ko kana kwance a gida. Duk shekara a ɗaga shi daga ruwa da ƙugiya, a kankare gansakuka da ƙananan katantanwa da suka manne a cikinsa, a shafa fenti na musamman. Igiyoyi rana ce ke cinye su. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandan tsakiya gishiri ne ke cinye su. Rigunan ceto, fitilu, rediyo, takardun rajista, inshora, lasisin tuƙi da sai an yi kwas.

Na ce, "Amma dai mai babu."

Ya ɗaga wani murfi a ƙarƙashin ƙafata. Inji ne kwance a ciki, ƙarami, mai shan gas. Ya ce da shi ake fita marsa, da shi ake shigowa, da shi ake komawa gida in iska ta ɗauke. Isuhu ya juya baya yana tari, na san ba tari ba ne.

Na kawo maganar tirela. Ya nuna mini ta cikin ruwa wani faffaɗan ƙarfe da ke rataye a ƙarƙashin jirgin, ya kusa tsayina, shi ke hana shi kifewa. Ya ce in aka ɗora shi a tirela, mutanen hawa na biyu za su iya shanya a kansa. Na fito da waya na tara alƙaluman a gabansa. Abin da jirgin zai ci a shekara ya zarce hayar gidan da nake ciki da mutum bakwai. Ashe shekara biyu lissafin dokin Rano nake yi. Gumi ya keto mini ga iska tana kaɗawa, amma girman kai ya hana ni cewa na fasa. Inna tana zaune tana kallo, an kawo ta kilomita ɗari uku, da wane baki zan ce mu koma?

Na ce a buɗe mini shira'in, nan ne dai fagena. Aka warware shi a kan dakalin marsa, fari, mai tauri kamar tamfol. Ina bin ɗinkin da yatsa sai ga yaga, kamu guda da rabi, zaren ya ruɓe ya saki. Wallahi sai da na ji daɗi. Na miƙe na gyara murya na ce, "Ya Abu Nayif, wannan shira'in ya gama yawo. Dubu takwas za ka sauke, ko kuwa mu sha gahawa mu rabu." Ya ce shi ya sa ya yi wata biyu bai fita ba, mai gyaran yana Jidda, kai da kawowa kawai aiki ne. Na ƙara ƙaimi, ina ja yana ja.

"Auta, jawo mini bakin yadin nan."

Na jawo mata. Ta ɗora shi a cinya, ta shafa, ta murza tsakanin yatsu. Sannan ta yi magana da Larabci, don mai jirgin ya ji.

Ta ce a kwana na uku da barin Sawakin iska ta ɗauke musu, ruwan sha ya yi ƙasa, zazzaɓi ya kama mahaifiyarta. Kwana biyu ta yi sannan ta cika. Ba ƙasa kusa, ga zafi, dole a sa ta a ruwa. Kayansu duk an sayar a hanya an biya kuɗin jirgi, ba wanda yake da farin yadin da zai isa likkafani. Sai nakhudan, wani baƙin mutum mai ido ɗaya da ba ta taɓa sanin sunansa ba, ya ciro shira'insa na ajiya, ya sa wuƙa ya yanko. Mutanensa suka yi masa magana, ya ce su yi shiru. Da shi aka suturta ta, aka yi mata salla, aka sauke ta. Da suka iso gaɓa mahaifin Inna ya miƙa wa nakhudan 'yan kuɗin da suka rage, ya ture hannunsa.

Ta ce, "Ni ce na riƙe masa bakin yadin yana yanka. Irin wannan taurin ne."

Ni dai an ce mini kakata ta rasu a hanya. Ban taɓa tambayar wace hanya ba. Nan take kifin Mastura ya dawo mini a rai, da duk tsokanar da muka yi mata shekara da shekaru, kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa ido.

Ta juyo da Hausa ta ce, "An yanka shira'i saboda uwata, kai kuma ka ga yaga a na wani kana murna. Ni ba ni da yadi irin nasu da zan mayar. Amma ina da tela. Zauna ka ɗinke masa, kuma kada in ji maganar ko riyal ɗaya."

Abu Nayif ya ce, "La ya khala, wallahi ba za a yi haka ba." Ta ce masa, "Halas, ya waladi," wato ya isa haka, ɗana. "Ba kai nake biya ba."

Haka mai sayen jirgi ya tuɓe takalmi ya zauna dirshan a dakali. Basilla ba ta rabuwa da jakata. Abu Nayif ya kawo zare mai kakin zuma da ƙyallen faci da wata fata da ake sawa a tafin hannu don tura allura. Yadin ya fi duk abin da na taɓa ɗinkawa gardama, sau biyu basilla ta shige mini yatsa. Isuhu yana riƙe da gefe yana ja, Inna tana daga kujera tana cewa na faɗaɗa taku. Magariba ta raba mu da saura rabi, muka koma masauki muka ci gurasa da cuku muka kwanta.

Alhamis, a kan ruwa

Bayan asuba na koma na ƙarasa, layi biyu, na bi duk inda zaren ya nuna alamar gajiya na ƙara. Ƙarfe tara aka kawo Inna. Ta bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe, ta ja, ta ce, "Zai riƙe." Tun da na fara sana'a ban taɓa jin ta yabi ɗinkina ba sai ranar.

Abu Nayif ya ce al'ada ce mai saye ya gwada jirgi kafin ya biya, kuma ko ba saye shi yau sai ya fita da khala. Ya kai sunayenmu wurin masu tsaron gaɓa, aka ba da izini. Nan wata matsalar ta fito. Na auna jirgi, na auna layinmu, na auna har ƙofar gareji, ban taɓa auna tazarar da ke tsakanin dakali da jirgi ba, ga shi yana rawa a kan ruwa, ga ƙafafun Inna. A kujerar robar muka ɗauke ta ni da Isuhu, Abu Nayif ya tarbe ta daga ciki, tana salati tana ce mana kada mu zubar da ita tun ba a je ko'ina ba.

Da inji muka fita, wanda na ce babu. Da muka bar bakin marsa ya kashe shi, ya ce in ja wata igiya. Na ja, shira'in ya hau, iska ta buge shi ya cika fam, jirgin ya karkata ya fara tsaga ruwa ba ƙara sai shuuu. Facina yana can sama, ya riƙe. Na yi niyyar in yi alfahari, sai cikina ya juya. Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne. Nakhudan Waziriyya dai ya yi tafiyar nan rungume da bokiti, Isuhu yana dafa masa baya yana cewa, "Kuraj, patron, daure, iska kyauta ce."

Inna ko gezau. Ta zauna cikin rigar ceto da ta yi mata yawa, fuskarta a sama tana kallon yadin. Da gari ya koma siririn layi a bayanmu, ruwan ya yi shuɗi mai duhu, ta ce a tsaya haka. Abu Nayif ya juya kan jirgin ya fuskanci iska, shira'in ya saki yana kaɗawa. Ta ce in riƙe ta. Na ajiye bokiti na rungume ƙugunta, ta sunkuya ta gefen da ya fi kusa da ruwa har yatsunta suka taɓa. Ta yi wa mahaifiyarta addu'a da sunanta, Hawwa'u 'yar Malam Bukar, ta yi wa mai ido ɗaya, ta yi wa duk wanda ruwan nan ya riƙe a hanyar ɗakin Allah. Muka shafa. Ban ga hawaye a idonta ba. Ni ne na yi kukan, Abu Nayif kuma ya juya yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

Ta gyara zama ta ce, "To, yalla, mu koma. Auta zai ƙare."

A dakali na ce wa Abu Nayif gaskiya, jirgin ya fi ƙarfina. Ya ce ya sani tun jiya, tun da na tambaye shi ina birki. Ya ƙi karɓar ko kuɗin gas, ya kuma ce yanzu da shira'i ya gyaru ba zai sauke ko riyal ɗaya ga mai saye na gaba ba. Wato na yi tafiyar kilomita ɗari uku na ƙara wa kayan wani daraja da hannuna.

Komawa

Bayan azahar muka juyo. A Mastura Isuhu ya tsaya ba tare da an ce masa ba, aka kawo najil kamar na jiya, yana tururi. Na kai hannu na kasa. Inna ta lura, ta turo farantin gabana ta ce, "Ci abinka, Auta, halal ne. Ni ce dai ban iya ba." Na ci shinkafar, Isuhu ya ji da kifin.

Mun shigo Jidda ana kiran isha'i, cunkoso ya riƙe mu wajen Sharafiyya, muka isa Waziriyya tara saura. Rabi tana bakin matakala. Ta leƙa bayan mota ta ce, "Ina jirgin?" Inna ta ce, "Mun hau, mun sauka, mun bar wa mai shi wahalarsa." Muka ɗauke ta zuwa sama, wannan karon ba ta yi faɗa ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Isuhu da ya ba da hutunsa da kafaɗarsa, da Abu Nayif da ya ɗauki tsohuwar da bai sani ba kamar uwarsa, da Rabi da ta faɗa mini gaskiya tun da sauran lokaci. Da safe na je shago na sa tsumma na goge allin da ke kan tebur. Wata guda bayan nan gwiwoyin Inna suka ƙi sauka ko da mutum biyu, yanzu daga gado sai darduma. Duk lokacin da na tuna saura ƙiris in ƙara wata shekarar ina lissafi, sai gabana ya faɗi. Masu ce mini Nakhuda kuma ku ci gaba, ina amsawa.